Ɗantani da Surukinsa na Kwarin Maɗaci

A lungunmu na Ƙofar Mazugal, in ka ji ƙaurin ganyen sabara da kashin shanu ya shigo maka ɗaki da rana tsaka, to ba gobara ba ce, Ɗantani ne zai tafi daji. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, ita ma ta zaizaye har ina hango hularsa in ya miƙe. Ni wankin hula nake yi a ƙofar gida, saboda haka duk hular da na shanya ranar da yake turara kayansa, mai ita sai dai ya je Juma'a yana warin ruga. Na sha kai masa ƙara wurin kansa. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Sule, ai gata na yi musu. Ko kura ba za ta shinshino su ba."

Haka maharba suke. Riga, takalmi, jaka, bindiga, komai sai an kanga shi a hayaƙi ciki da waje kafin a shiga daji, don a kashe warin ɗan Adam. Bindigar ma sai ya busa mata hayaƙin ta baki ya fito ta gindi.

Ɗantani ɗan birni ne gaba da baya. Ubansa baduku ne, shi ma da damina dukancin yake yi, yana ɗinka kube da jakar fata a zaurensa. Amma ya taso lokacin da cikin ganuwa akwai gonaki da kududdufai, tsakanin Dala da Goron Dutse, a nan ya fara bin gafiya da zomo da danƙo. Uban ya daka, ya daka, har ya gaji ya ƙyale shi. Da gidaje suka cinye gonakin sai ya fita bayan gari. Da suka cinye bayan garin sai ya fara shiga mota, har ya dangana da wani daji can kudu, wajen da ake ce wa Kwarin Maɗaci. Duk rani can yake ƙarewa, sai an ga hadari ya dawo.

Dogo ne siriri, ba ya son surutu. Ni mai tsokana ne, amma akwai abu ɗaya nasa da ban taɓa iya yi wa dariya ba, wato tafiyarsa. Lungunmu cike yake da ɓawon gyaɗa da leda, kaza ma in ta wuce sai ka ji. Ɗantani kuwa sai dai ka ɗaga kai ka gan shi tsaye a kanka, ka rasa ta inda ya ɓullo. Matarsa Kulu ta ce tun tana amarya take zubar da miya saboda shi, har yau ba ta saba ba.

To, a Kwarin Maɗacin nan akwai wani mazo. Ni ban san mazo ba sai a bakinsa. Ya ce ɗan'uwan barewa ne amma ya fi ta jiki, namijin yana da ƙaho murɗaɗɗe, ba ya son fili, sai kurmi kusa da ruwa. Wannan ɗin ya gane shi ne da sawu: kofatonsa na baya na hagu, yatsa ɗaya ya karkace waje. Shekara bakwai ko takwas yana bin sawun nan. Ya ga inda ya kwanta wurin da ɗumi. Ya ga inda ya goga ƙaho a jikin kanya ɓawon bai bushe ba. Ya ji haushinsa a bayansa, wai kamar na kare. Amma ido da ido, ko sau ɗaya.

Ni na raɗa masa suna. Na ce, "Baba Ɗantani, wanda kake zuwa garinsa duk shekara, ka ga takalminsa a ƙofa amma ba ku haɗa ido, ai wannan ba nama ba ne, surukinka ne." Sunan ya bi lungu. In ya dawo daga daji har tsofaffi sai su ce, "Ya ka baro surukin naka?" Shi kuma ya ce, "Lafiya lau, yana gaishe ku."

Ana nan sai idonsa ya fara rauni. Da farko zare ne ya daina shiga allura, Kulu ke zura masa. Daga baya ya fara gaida turmi. An je asibiti, likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar idon ce take mutuwa, kuma ba ta dawowa. Ranar da ya dawo da kansa ya rataye bindigar a ƙusa. Ya ce daji akwai Fulani da shanunsu, wanda ba ya bambance mutum da kututture ba shi da hurumin taɓa kunama.

Wata rana da yamma ya ce da ni, "Sule, ni fa ba namansa nake so ba, wannan tuni na bar shi. So nake in gan shi kafin a rufe mini fitilar."

Wannan shekarar ce soja suka ce za su koma bariki, aka yi ta zaɓe tun daga kansila har sama. Wanda kakarsa ta yanke saƙa a unguwarmu shi ne Ari mai hoto, da ke da shago a bakin titi. Ari Babarbare ne, kakanninsa suka zo daga Barno, ni kuma da jinin Fulani a jikina, saboda haka ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Duk wanda ya ɗinka sabuwar babbar riga a lokacin ɗan takara ne, kuma sai ya je Ari ya ɗauke shi yana kallon sama kamar ya hango watan Sallah.

Ɗantani yakan zauna a bencin ƙofar shagon. Rannan ina wurin sai ya ce, "Malam Ari, wannan abar taka, dole sai da mutum a bayanta take kamawa?"

Ari ya ce, "In ba mutum wa zai danna?"

"Zare. Mutanen da suna ɗana bindiga a hanyar nama, su ja zare daga kunama su ɗaure a ƙetaren hanya. Naman ne ke harbin kansa. Mun bar yi don yana cin mutane. Amma taka ai ba ta kisa."

Na ce, "Tana yi mana. Ka ga hoton da ya yi wa ɗan takararmu? Matarsa ma ba ta zaɓe shi ba."

Ari ya ce, "Rufe mana baki, bawana, manya na magana."

Amma maganar ta shige shi. Ya ɗauko wata tsohuwar kyamara da ya daina aiki da ita, ya sa kafinta ya yi mata akwati mai taga, ya kafa tarkon ɓera a sama. In an taɓa zare tarkon ya faɗa, ya ja ɗan ƙarfe ya danna maɓalli. Mun gwada da akuyar Kulu a lungu, ta fito ras, har da igiyar wuyanta. Illarta ɗaya, in ta ɗauka sau ɗaya sai an zo an murɗa ta an sake ɗana tarkon. Ari ya sa mata fim, ya yi ta ja wa Ɗantani kunne: kar ta faɗi, kar ruwa ya taɓa ta, kar a juya ta tana kallon rana. Ɗantani ya rungume akwatin kamar jariri ya shiga mota. Can yana da mai masauki, wani tsohon maharbi, shi zai riƙa kama masa hannu.

Ya daɗe. Da ya dawo fuskarsa har sheƙi take. Ya ce tarkon ya faɗa ya fi a ƙirga, kuma sau biyu ya shafa ƙasa ya ji karkataccen kofaton nan daidai gindin zaren. Muka cika ƙofar shago. Ari ya shiga ɗakin duhunsa, muna jin motsin ruwa a faranti. Can ya fito riƙe da fim ɗin yana ɗiga, baƙi ƙirin daga farko har ƙarshe kamar an tsoma shi a tawada.

Ya ce, "Malam Ɗantani, wa ya buɗe ta?"

"Ba wanda ya taɓa ta sai ni."

"Kai ka buɗe bayanta?"

"Na buɗe mana. Da na isa na turara akwatin, na turara zaren, na ga ita ma tana da ciki. Warin hannunka da man gashinka duk yana ciki, Malam Ari. Na buɗe na ba ta hayaƙi sosai, har na ja wannan baƙar ledar na kanga ta ita ma, sannan na naɗe na mayar yadda take."

"Da rana?"

"To da yaushe ake turare?"

Ari ya zauna a ƙasa, a ƙasa fa, da farar shaddarsa. Ya ce, "Innalillahi. Fim ba ya ganin haske, Malam! Haske ne ajalinsa!"

Ɗantani ya ce, "Ka ce kar ta faɗi, ba ta faɗi ba. Ka ce ruwa, ko yawu bai taɓa ta ba. Ba ka ce haske ba."

"Wa zai zaci mutum zai yi wa kyamara turaren wuta kamar amarya?"

Ni dai dariya ta kayar da ni daga benci. Sai da na share hawaye na duba, na ga Ɗantani yana shafa jiƙaƙƙen fim ɗin da yatsa, a hankali, yadda yake shafa sawu. Ya ce, "Ke nan yana ciki, na ƙone shi."

Lokaci kuwa ya ƙure. Zafi ya kai zafi, da yamma gabas ta fara haɗa gira. Maharban da suka dawo duk maganarsu ɗaya: bana nama ya yi ƙaranci, rafuka sun ƙafe, a Kwarin Maɗaci tafki ɗaya ya rage, kowace dabba nan take sha. Wannan shi ne daɗin ƙarshen rani, kuma shi ne ƙarshen daɗin. Ruwan farko na sauka, ko'ina ya zama mashaya, ciyawa ta rufe sawu, sai kuma baɗi. Ɗantani kuwa kowa ya san idonsa ba shi da baɗi.

A satin da za a rantsar da farar hula, lokacin da kowane zaɓaɓɓe ke neman mai hoto, Ari ya sa wa shagonsa kwaɗo. Ya ce shi ba zai sake ba mahaukaci kyamara ba sai yana wurin. Kulu ta leƙo ta katanga ta ce, "Malam Sule, ka bi su mana. Ɗaya ba ya gani, ɗaya bai san daji ba." Na ce, "Ni kuma na ukun ba na jin magana." Ta ce, "Haka nan dai."

Rigimar farko a bakin dajin aka yi ta. Ɗantani ya ce ba abin da zai shiga kurmi ba hayaƙi. Ari ya ce sai dai a turara shi shi. Ɗantani ya ce dama da shi za a fara. Ƙarshe aka shirya: aka cire fim, aka ɗaure idon kyamarar da tsumma, aka ba ta hayaƙi har ta ƙoshi. Sannan Ari ya shige cikin baƙin bargo a tsakiyar zafin nan ya mayar da fim da lalube, yana zagin kakannina ɗaya bayan ɗaya. Mu ma aka tsugunar da mu a kan hayaƙin har muka yi hawaye.

Ban taɓa shiga daji irin wannan ba. Ni da na saba da lungu, inda ko tari ka yi maƙwabci zai ce sannu. Nan itatuwa sun haɗe sama, ƙasa ba rana sai ɗigo-ɗigo, shiru har kana jin jininka a kunne. Kuma mutumin da muke ja a titi kar ya faɗa kwata, yana shiga kurmin ya saki hannuna ya wuce gaba. Ya cire takalmi. Reshe na gabansa sai ya sunkuya tun bai kai ba. A bakin tafkin ya durƙusa, ya baza yatsu a taɓo yana bi. Ya ce wannan biri ne, wannan gada ce da ɗanta. Can sai hannunsa ya tsaya.

Ya ce, "Sule, kawo yatsanka."

Ya ɗora yatsana a wani ɗan rami mai baki biyu, ɗaya ya karkace waje. Taɓon da sanyi, gefen ramin bai ko fara bushewa ba. Shekara da shekaru ina tsokana da abin nan, ashe a raina ban taɓa yarda akwai shi ba. Na waiga cikin kurmin, na ji kamar ana kallona.

Ari ya zaɓi inda haske zai yi masa daidai da sassafe, Ɗantani ya zaɓi tsayin zare: ya wuce kan gada, ya tsaya a ƙirjin mazo. Muka ɗana muka koma ƙauyen mai masaukinsa. Kullum da hantsi mu zo. Rannan saniyar Fulani ce ta tsinke zaren. Rannan birai suka yi wasa da shi. Rannan ni ne na manta na bi ta ciki, Ari ya ce ya samu hoton dabbar da ta fi kowacce muni a dajin. Surukin kuwa ya sauya mashaya, yana sha ta ɗaya gefen. Muka matsar da akwatin can.

Washegari da asuba muna alwala iska ta juya, ƙanshin ƙasa ya taso. Gari ya waye, rana ta ɗan leƙo, sannan sama ta rufe aka kece da ruwa. Ɗantani yana zaune a bakin bukka, ya miƙa hannu ruwan na zuba a tafinsa. Da aka ɗauke muka ruga bakin tafkin. Akwatin na nan, Ari ya rufa masa leda tun farko. Tarkon ya faɗa. Amma ƙasa ta zama sumul kamar an yi daɓe, ba sawun kowa. Ɗantani ya shafa, ya shafa, ya miƙe.

Ya ce, "Ko shi ne, ko reshe ne iska ta jefo. Mu tafi gida, farauta ta ƙare."

Mun shigo Kano ana ta kiɗa da tutoci, mu kuwa ko kallo ba mu tsaya ba, da taɓonmu muka wuce shago. Ari ya shiga ɗakin duhu ya rufe. Wannan karon ba taro, daga ni sai Ɗantani a benci. Ari ya daɗe fiye da kullum. Da ya fito sai ya miƙo hoto ɗaya jiƙe.

Na karɓa. Ga shi nan tsaye a bakin ruwa, baƙi-baƙi, wuya kamar na ingarma, da farin tabo a maƙogwaro da ɗige-ɗige a cinya. Ƙafa ɗaya a ɗage, kai a juye, yana kallon mai kallonsa. Na buɗe baki in yi tsiya, ba abin da ya fito.

Ɗantani ya ce, "Sule ya yi shiru. Ba ni."

Ya kai hoton dab da hancinsa. Ya nesanta shi. Ya fita rana ya karkata kai, ya gwada da gefen ido, ya juya shi sama ya koma ƙasa. Ya ce, "Toka nake gani. Toka kawai."

Na fara ba shi labari, ƙaho kaza, wuya kaza. Ya ɗaga mini hannu. "Labarinsa ai na fi ka sani. Ba labari na zo nema ba."

Ari ya tsaya yana cizon leɓe. Ya ce, "Malam Ɗantani, fitilar mota da dare kana ganinta?"

"Ina gani."

"Farin abu a cikin duhu fa?"

"In babba ne."

"Taso."

Ya ja mu cikin ɗakin duhun, wanda ko matarsa ba ta taɓa shiga ba, ya rufe ƙofa ya toshe ƙasanta da tsumma. Yana da wani inji mai fitila a ka, da yake sa dodon hoto, wato wankakken fim, a ciki ya hasko shi ƙasa kan takarda. Sai ya kwance kan injin, ya kwantar da shi a tebur yana kallon bango, ya ja teburin baya har ƙarshen ɗaki. Ya kunna.

A dodon hoto komai a juye yake, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. Ruwan tafkin da sararin sama suka zama duhu. Mazon kuwa ya tashi a bangon fari tas, yana haske, girmansa ya kai na gaske, ƙahonsa ya kusa taɓa rufi. Na ji Ari da kansa ya ce, "Subhanallahi."

Ɗantani ya tako a hankali, da tafiyar nan tasa marar sauti. Inuwarsa ta rufe hoton, ya yi maza ya koma gefe, ya raɓa ta jikin bango kamar mai gudun kar iska ta kai warinsa. Ya tsaya dab da wuyan. Ya ɗaga kai yana bin ƙahon da ido, ba da hannu ba, tun daga gindi har tsini. Ya sauko kan kafaɗa, ya bi baya, ya tsuguna wajen ƙafar hagu ya daɗe. Sannan ya dawo kan fuskar.

Ya ce, "Salamu alaikum."

Ba wanda ya yi dariya.

Ya ce, "Kunnensa ɗaya a tsage yake. Ban san wannan ba. Kuma ya rame a ƙugu. Ashe kai ma ka manyanta."

Ɗakin ya ɗau zafi, gumi na bin bayana. Wani ɗan ƙauri ya fara tashi daga injin. Ari ya raɗa mini cewa fitilar ba a barinta haka, zafinta zai narkar da dodon, kuma shi ke nan guda ɗaya. Na ce to ka kashe mana. Ya girgiza kai, ya harɗe hannuwa a ƙirji. Muna kallo gefen hoton ya fara lanƙwashewa, ƙafafun baya suka fara narkewa kamar kitse a wuta. Ɗantani bai motsa ba sai da abin ya kai ƙirji.

Sannan ya ce, "Kashe, Malam Ari. Na gani."

Kafin a yi girbin gero a shekarar idon ya rufe gaba ɗaya. Ya ci gaba da dukancinsa da lalube, ɗinkinsa bai ɓaci ba. Hoton takardar Kulu ta sa a firam ta rataye a zaure, baƙi na tsayawa suna kallo, wasu su ce a ina aka sayo. In sun yi ta yaba ƙahon, sai ya ce daga inda yake zaune, "Ku dubi kunnen dama." Su matsa kusa, su duba, sai su ga tsagar.